Sankara Ta Shiga Huhu

Ƙofar Marke, Sakkwato
Watan Muharram, 1350

Daga Maccido mai goro zuwa ga ɗan gwaggona Dodo, a zangon Kumasi. Gaisuwa mai yawa, da tambayar lafiyarka, da ta iyalinka, da ta tumbinka, wanda fatake sunka ce mini yanzu shi ke riga ka shiga masallaci.

Kafin komai ka miƙa gaisuwata ga Malam Muntari mai karanta maka wasiƙa. Ko da yake ba sai ka wahala ba, tunda a hannunsa take. Malam, Allah ya ƙara wa muryarka albarka, ban taɓa jin labarin mai karatu irinka ba. Takardar da na aiko bara, wadda na ce basir ya dame ni, sai ga wani mutumin Gwandu ya tare ni tsakiyar kasuwa yana yi mini ya jiki. Ya ce a ƙofar masallacin zango ya ji, kuma shi can baya yake tsaye. Gidan wayar Nasara mutum ɗaya yake kai wa magana. Kai kuwa jama'a kake kai wa, kuma ba ka neman ƙarin lada.

Nan ruwa ya sauka, an yi shuka. Yaya Iyatu tana nan riƙe da gida, lafiyarta lau sai ƙafa, bakinta kuwa bai taɓa ciwo ba. Autana Siddiƙu haƙoran gaba sun zube, yana karatun allo iska na fita. Yayarsa, wadda ka sani, tana lafiya.

Huhunan goron da ka ɗoro sun iso. Jirgin ƙasa ya sauke su Ƙaura, jakuna sunka ƙaraso da su, an fara ciniki.

Yanzu ka matso kusa, ka saurara da kunnen da Gwaggo ta haife ka da shi, ba na kasuwa ba. Sankara ta shiga huhu. Ba zato nake ba. Na kai wa wanda ya san abin ya duba, ya ce ta daɗe a ciki, ta yi nisa, daga waje ne kawai ba a gani. Ban gaya wa kowa ba sai Yaya Iyatu. Yara ba su sani ba, kuma abin da ya hana ni sakat ke nan. Ka fi ni ɗiya, ka fi ni yawo. Ta ina mutum ke fara irin wagga magana da su?

Ba zan ƙara a kan haka ba, don maƙogwaron Malam ya huta. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗan kawunka, Maccido

Zangon Kumasi
Ƙarshen Safar

Daga Dodo zuwa ga Maccido, da hannun Malam Muntari. Muna lafiya, tumbi ya amsa gaisuwa, ya ce hassada ce ke hana ka ƙiba. Malam ya ce a gaya maka shi ba ya ɗaga murya, kunnuwan mutanen zango ne ke da tsawo.

Amma Maccido, ka ɓata mini rai. A gaban mutane anka karanta cewa kayana sun yi sankara. Ka san yadda wanga wuri yake. Kafin la'asar har wani ɗan Salaga ya tsaya gaban rumfata yana shinshina kwanduna. Goron da na aika maka da hannuna na zaɓe shi, marsa ne tsantsa, manya-manya, na sa anka naɗe shi da sabon ganye ina tsaye. In sankara ta shiga, to wajenku ta shiga. Na san ɗakin ajiyarka. Tun zamanin Kawu yake yoyo, kai kuma ka fi son surutu a rumfa da hawa sama ka yi yaɓe.

Kuma wa ka kai wa ya duba? A Sakkwato akwai wanda ya fi ka sanin goro? Ko tsufa ya fara taɓa idon?

Ga abin da za ka yi, tunda sai an koya maka sana'ar ubanka. Kwance huhun tun da safe, kada ka jira. Zazzage shi kan tabarma, ka tsince. Wanda ta taɓa ka ware shi nesa da sauran. Canza ganye, ka yayyafa ruwa kaɗan, ka ɗaure. Wanda bai yi muni ba ka rabu da shi da wuri, a ƙauye ba a ɓarewa kafin a saya. Abin da ya lalace ya lalace, ba a zama ana kallonsa.

Batun yara kuwa, ni ban gane ba. Mi ya haɗa su da wannan? Rasuwa anka yi? Ka tara su ka gaya musu kawai, ai ba yau sunka fara ganin ɓataccen goro ba. Ka ma sa ɗiyarka Atika ta taya ka. Lawwali ɗan maƙwabcinku, da ya zo fatauci, ya ce mini yarinyar nan daga nesa take gane mai sankara. Ta fi ka ido, ka ba ta aikin.

Ka gaishe da Iyatu. Ka daina tsorata mutane a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Dodo

Ƙofar Marke
Watan Rabi'ul Awwal

Zuwa ga Dodo. Wagga takarda ba ta bi gidan waya ba. Na ba Lawwali, ya iya ajami. Ka ja shi ɗaki, ka kori yara, ka saki labule, sannan ya karanta.

Amsarka ta same ni, na gode. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, tarin kuma ya zo da abin da yake zuwa da shi kwanakin nan. Goronka lafiya lau, ka gaya wa ɗan Salaga ya mai da hancinsa. Huhun da nake nufi ba a ɗaure shi da igiya ba. Na cikin ƙirjina ne. Na so in yi wa Malam Muntari wayo, sai wayon ya wuce ta kanka kai ma.

Tun bara wani ƙullutu ya fito mini a gindin wuya. Wanzami ya yi ƙaho, ya tsaga. Na sha rubutu, na sha sassaƙe iri-iri. Da jini ya fara biyo tari sai na tafi asibitin Nasara, ba tare da na gaya wa kowa ba. Likita Bature ya lalluba wuyana da hammatata, ya ɗora wani ƙarfe mai igiya a ƙirjina ya daɗe yana saurare. Ya faɗi sunan ciwon da yarensu. Tafintansa ya yi ta neman Hausar abin ya rasa, sai ya tambaye ni mi nake sayarwa. Na ce goro. Ya ce to ai ka san ta, sankara ce. Wuƙa ba ta kaiwa inda take. Sun ba ni kwalbar maganin rage zafi. Na ce a gaya mini gaskiya, ni ɗan kasuwa ne, ba na son a ɓoye mini ƙasan kwando. Likitan ya ce sabon gero ƙila in ci, azumi kuwa da wuya. Sauran na Allah ne.

Yanzu na rage zuwa rumfa. Ina zaure, mutane na shigowa. Ka san mutanenmu, ba su da na biyu wajen duba marar lafiya. Mutum ya zauna, ya dubi wuyana, ya dubi ƙashin haƙarƙarina, ya ce ai da sauƙi. Ni ma in ce da sauƙi. Ya ci goro ya tafi. Tun safe har la'asar zaure cike yake, kuma ban taɓa zama ni kaɗai irin haka ba.

Yaya Iyatu ta ce ba a gaya wa yaro mutuwa, kuma kiran sunan ciwo gayyatarsa ne. In lokaci ya yi za a ce na yi tafiya. To nan ne gizona ke saƙa a ƙirji fiye da ciwon. Ka tuna lokacin da Lailatu, uwar yaran nan, ta rasu ina kan hanyar Ƙaura. Kafin in dawo mata sun riga sun gaya wa Siddiƙu ta tafi Argungu wajen danginta. Damina uku ke nan. Har yau in ya ji kukan jakuna daga yamma sai ya bar abin da yake yi ya hau dakalin ƙofar gida, ya zauna har su wuce. Ba ya tambaya. Zama kawai yake yi. Dodo, ba na son a ƙara masa wata hanyar da zai riƙa kallo.

Ita kuwa wadda ka kira sunanta, kai bakinka ya iya. 'Yar fari ce. Tun haihuwarta ban taɓa faɗinsa ba, ban taɓa zama da ita mun yi zance ba. In ina son ruwa, bango nake gaya wa, ruwa ya zo. Shekaranjiya na yi ƙarfin hali na sa anka kira ta. Ta zo ta durƙusa bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ni da na sayar wa Buzu daushe, tsohon goron bara, ya tafi yana sa mini albarka, ni da ba a taɓa ƙure ni a ciniki ba, na buɗe baki sai na ji na ce, an ɗaure akuyar nan kuwa? Ta ce an ɗaure. Na ce to madalla. Ta tashi ta tafi.

Tambayata tana nan inda na ajiye ta. Wannan karon ka amsa wa mutum, ba goro ba.

Maccido

Zangon Kumasi
Watan Rabi'ul Ahir

Maccido, Lawwali ke rubutawa, daga ni sai shi a ɗaki. Ban san gaisuwar da zan yi maka ba. Ya jiki? Kada ka amsa mini da abin da kake amsa wa mutanen zaure.

Da ya karanta na sa ya maimaita. Na tuna abin da na ce maka, wai ka ware na nesa, wai ba a zama ana kallo. Allah ya yafe mini, kai ma ka yafe. Malam Muntari ya gan ni a masallaci ya ce wa ya rasu, na ce ba kowa.

Ga abin da ya fara zo mini. Ka haɗo yaran da Lawwali in zai dawo. Ka ce kawunsu na son su ga jirgin ruwa. Gida na da faɗi, matata ta ce a kawo su. Kada su ga ƙarshen abin. In ta faru ni zan san yadda zan yi da su.

Na sa an rubuta wannan, sai na kasa cewa a naɗe takardar. Ka san yadda na ji rasuwar Inna, gwaggonka. Ta yi wata da watanni a kwance, ba wanda ya aiko. Kowa na cewa kada a tayar wa Dodo da hankali a ƙasar mutane. A ƙofar masallaci anka karanta mini, tsakanin labarin tsadar kanwa da na auren wani. Da na sani da na taho ko da ƙafa. Shekara nawa ke nan, kuma har yau in na tuna, haushin mutanen gidan nake ji kafin baƙin ciki ya zo. Ni da gemuna ke nan a lokacin, balle yaro.

To ga magana biyu, kuma ba su jituwa. Ban san wadda zan ce ka bi ba. Kai ne mai wayon gidanmu.

In sabon goro ya fito na sallami masu jirana zan taso. Ka jira ni, in ana jira.

Dodo

Ƙofar Marke
Watan Jimada Awwal

Zuwa ga Dodo, da gaisuwa. In Lawwali ya yi ta tsayawa a karatu kada ka ga laifinsa, hannuna ne ya fara rawa. Jiki ba sauƙi. Ka ga na amsa yadda ka ce. Na ci sabon gero, ko in ce na ɗanɗana.

Cikin shawarwarinka uku, ta farko na bi, wadda ka bayar ba ka san kana bayarwa ba.

Ran Talata da hantsi Yaya Iyatu ta tafi gidan suna. Na sa anka fito da ragowar wani tsohon huhu, ba naka ba, kada ka fara. Anka zazzage shi kan tabarma a zaure, na ce a kare ƙofa. Na ce wa Siddiƙu ya kira yayarsa su taya ni tsinta. Na ga in hannu na aiki ba sai ido ya haɗu da ido ba.

Munka fara. Ba a jima ba ta ɗauki wani ja, santsi, ba tabo ko ɗaya, ta ajiye shi gefe.

Siddiƙu ya ce, "Wannan lafiyarsa lau."

Na ce, "Ɓare shi ka gani."

Ya ɓare. Ciki baƙi, duk ta cinye, sai gari.

Na ce, "Bayansa ya nuna maka?"

Ya ce a'a.

Na ce, "To irinta ce a ƙirjin Babanku. Ita ke sa ni tari, ita ta ramar da ni."

Ya dube ni, ya dubi goron. "Tsutsa ce cikinka?"

"Ba tsutsa ba ce, amma aikinsu ɗaya."

"A cire mana."

"Likita ya duba, ba ta ciruwa."

"To ya za a yi?"

Nan ne na so in tambayi akuya. Na ji maganar ta taho har bakina. Na haɗiye ta, na ce, "Ba zan warke ba, Siddiƙu. Mutuwa zan yi. Ba yau ba, ban san ranar ba, Allah kaɗai ya sani. Amma ba ta da nisa sosai, kuma na fi son ku ji daga bakina."

Ita hannunta bai tsaya ba, tana ta tsinta. Can ta yi magana, kanta a ƙasa, tabarma take gaya wa kamar yadda nake gaya wa bango.

"Ta goro tana bin na kusa da shi."

Na ce, "Wagga ba ta bi. Na tambaya. Ba wanda ya sa mini, ba wanda zan sa wa."

Ta ce, "Tun farkon damina na hana shi cin sauran kwanonka. Ni ke wanke tsummokaran."

Ka ji, Dodo. Ina zaure ina neman dabarar ɓoye mata, tana bayan ɗaki tana wanke jinin tana zubar da sauran tuwona a ɓoye, ita kaɗai, ba ta da wanda za ta tambaya. Shi kuma yaron ashe ya ɗauka fushi nake da shi, shi ya sa kwanona ya daina zuwa. Na ce daga yau a ba shi. Na ɗaga kai na dube ta sosai. Ban san tana da wushirya ba.

Na ɗauka an gama. Sai Siddiƙu ya ce, "In ka mutu, Argungu za ka?"

Na ce, "A'a. Wanda ya mutu ba ya zuwa Argungu, ba ya dawowa da jakuna. Innarku ma ba ta can. Ta rasu tun wancan lokaci, tana maƙabartar bayan ganuwa. In kana so a kai ka ka gani."

Bai yi kuka ba. Ya juya ga yayarsa ya ce, "Kin sani?" Ta gyaɗa kai. Ya tashi, ya jefa goron nan bayan katanga, ya fita. Kwanaki bai yi wa ɗayanmu magana ba. Kwanon ya ci, amma ya juya mini baya yana ci.

Batun Kumasi na gaya musu, ban yanke musu ba. Ita ta amsa, ta ce in an gama. To ka ji. In ka iso ka same ni, mu yi faɗa a kan ɗakin ajiya. In ba ka same ni ba, sun san kai ne, sun san dalili, ba wanda zai ce musu yawon ganin jirgi za su.

Yaya Iyatu ta dawo ta ji. Kwanoni ne ke faɗa mini ra'ayinta daga madafa. Zaure kuma ya yi fili. Wani dattijon unguwa ya shigo ya ce ya jiki, ai da sauƙi, sai Siddiƙu daga bayan ƙofa ya ce babu sauƙi, sankara ce, ba ta ciruwa. Bawan Allah ya rasa inda zai sa idonsa, ko goro bai ɗauka ba. Labari ya zaga. Yanzu daga waje ake gaisuwa, ana sauri.

Jiya ayarin jakuna ya shigo daga yamma, da kukansu da komai. Yaron bai motsa ba. Ya daina hawa dakali. A bakin shimfiɗata yake zama yanzu, allonsa a cinya, ba karatu yake ba. Ƙirjina yake kallo yana hawa yana sauka. In na yi gyangyaɗi sai in ji yatsa a kafaɗata, in buɗe ido, ya koma ya zauna.

Na ɗauke shi daga bakin ƙofa na dasa shi a nan. Kai ɗan kasuwa ne, Dodo, kuma ba a gaban jama'a ake karanta maka ba. Wagga musaya, riba na ci wa yaron ko faɗuwa?

Ɗan kawunka, Maccido